Kama gidan haya a babban birni: tambayoyi da amsoshi

Adadin da ake rubutawa a jikin tallar gida bakin ƙofa ne kawai. Bayansa akwai kuɗin ajiya (wanda mai gida ke riƙewa har ka tashi, ya cire kuɗin ɓarna idan akwai), la'adar dillali, kuɗin hidimar gini, kuɗin mota zuwa wurin aiki, da abin da za a zaftare maka ranar da za ka mayar da makulli. Yawancin waɗanda haya ta kayar ba tsadar gidan ce ta kayar da su ba, lissafin da suka tsaya a rabi ne. Ga tambayoyin da masu neman gida suka fi yi. Dokar haya ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wani lokaci daga birni zuwa birni, don haka na ɗauko misalai daga wurare da dama, domin ka san irin abin da za ka tambaya a inda kake.

Nawa ne kuɗin hayar fulat a babban birni?

Duk wanda ya ba ka adadi ɗaya a matsayin amsa bai taimake ka ba. A birni guda, ɗaki biyu da falo a unguwar da ke kusa da tashar jirgin ƙasa zai iya ninka kuɗin irinsa da ke bakin gari, kuma ko a gini ɗaya ma hawa na ƙasa da hawa na biyar ba kuɗinsu ɗaya ba.

Abin da ya fi amfani shi ne ka fitar da farashin da kanka. Zaɓi unguwa biyu ko uku, ka tara tallace-tallace ashirin na irin gidan da kake so, ka jera su daga mafi araha zuwa mafi tsada, ka ɗauki na tsakiya. Kada ka tara su ka raba, domin gida ɗaya na alfarma ya isa ya ja lissafin sama. Sannan ka raba kuɗin kowane gida da faɗinsa, ka ga nawa murabba'in mita ɗaya ya kama. A nan ne za ka gano cewa ƙaramin ɗaki ya fi babban fulat tsada idan aka auna da mita, shi ya sa mai zama shi kaɗai ya fi kowa jin jiki.

Ka kuma bambanta farashin talla da abin da tsofaffin 'yan haya ke biya. Idan abokinka ya shekara takwas a gida ɗaya ya gaya maka abin da yake biya, kada ka gina lissafinka a kai. Kai sabon shiga ne, farashin yau za a yanka maka.

An rubuta kuɗin haya na mako, ko an ce akwai wata ɗaya kyauta. Yaya ake lissafa wannan?

A Ostareliya, da wasu tallace-tallacen Landan, ana faɗin haya da mako. Kuskuren da ake yi shi ne a ninka sau huɗu. Shekara mako 52 ce, wata 12, don haka idan mako 100 ne, wata 433 ne, ba 400 ba.

Wata ɗaya kyauta kuwa dabara ce ta manyan gine-gine. Idan haya 100 ce a wata aka yafe maka wata guda a shekara, za a tallata gidan a kusan 92. Amma idan shekara ta zagayo, ƙarin da za a yi a kan 100 za a ɗora shi.

Me ya sa haya take da tsada haka a manyan birane?

Aiki yana taruwa a wuri ɗaya, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa. Mutane suna shigowa da sauri fiye da yadda ake gina gidaje, izinin gini yana ɗaukar lokaci, kuma dokokin tsara birni a wurare da yawa sun hana a yi benaye masu tsawo a unguwannin da aka fi nema. A Hong Kong abin ya kai ga mutum fiye da 200,000 suna zaune a fulat ɗin da aka yanyanka zuwa ƙananan ɗakuna.

Hayar kwana biyu ko uku ga masu yawon buɗe ido ta ƙara matse kasuwar, domin mai gida yana samun abin da ya fi na ɗan haya na dindindin. New York ta tsaurara doka a kan irin wannan haya a Satumban 2023. Barcelona kuma ta sanar a 2024 cewa zuwa ƙarshen 2028 za ta daina sabunta lasisin gidaje kusan 10,000 da ake ba baƙi. Inda hukuma ta mallaki gidaje masu yawa lamarin ya ɗan yi sauƙi: birnin Vienna yana da fulat kusan 220,000 na kansa, aikin da ya faro tun shekarun 1920.

Kashi nawa na albashina ya kamata ya tafi ga haya?

Amsar da kowa ya haddace ita ce kashi 30 cikin ɗari. Yana da kyau a san inda ta samo asali, domin ba daga sama ta faɗo ba. A 1969 Sanata Edward Brooke na Amurka ya kawo gyaran doka da ya hana a karɓi fiye da kashi 25 na kuɗin shigar mazauna gidajen gwamnati. A 1981 aka ɗaga zuwa kashi 30, daga nan adadin ya zama ma'auni. Hukumar gidaje ta Amurka tana ɗaukar wanda ya wuce kashi 30 a matsayin wanda haya ta yi wa nauyi, wanda ya wuce 50 kuma nauyin ya yi tsanani. Ofishin ƙididdiga na Tarayyar Turai ya ja nasa layin a kashi 40 na abin da ya rage bayan haraji.

Masu gidaje ma da wannan suke aiki, sai dai sun juya shi. A New York ana yawan neman albashinka na shekara ya ninka hayar wata sau 40, wanda idan ka lissafa kashi 30 ɗin ne daidai. A Faransa an saba neman albashin wata ya ninka haya sau uku.

Ra'ayina shi ne ma'aunin ya fi yi wa mai babban albashi adalci. Wanda ke samun kuɗi mai yawa zai iya ba da kashi 40 ya ci ya sha lafiya. Mai ƙaramin albashi da 'ya'ya huɗu kuwa, kashi 30 ma zai iya hana shi barci. Fara daga ƙasa: cire abinci, sufuri, kuɗin makaranta, magani, bashin da kake biya, da ɗan abin ajiya. Abin da ya rage shi ne ƙarfinka, ko da ma'aunin ya ce za ka iya fiye da haka. Kuma ka yi lissafin da kuɗin da ke shiga hannunka, ba wanda ke rubuce a takardar ɗaukar aiki ba.

Nawa zan tanada kafin a miƙa mini makulli?

Nan ne mutane suka fi faɗuwa. Mu ce haya 100 ce a wata. Hayar watan farko 100. Kuɗin ajiya na wata biyu 200. Dillali 100. Motar kwashe kaya, labule, sauya kwaɗo, jona wuta da intanet, mu ce 50. Ka kai 450 ba ka kwana a gidan ba tukuna. Idan kuma tsohon mai gidanka bai mayar maka da ajiyarka ba, kana da kuɗi a hannun mutum biyu a lokaci guda.

Japan ce misalin da ya fi fito da wannan fili. Bayan kuɗin ajiya da suke kira shikikin, akwai reikin, wato kuɗin godiya ga mai gida, wata ɗaya ko biyu, wanda ba ya dawowa har abada. Ga la'adar dillali, ga kuɗin kamfanin da zai tsaya maka, ga inshorar gobara, ga kuɗin sauya makulli. A haɗe yakan kai hayar wata huɗu zuwa shida. A Tokyo kuma an saba biyan kuɗin sabunta yarjejeniya, galibi na wata ɗaya, duk bayan shekara biyu.

A Jamus wani abin mamaki ke jiran baƙo: fulat da yawa ana ba da su ba tare da kayan kicin ba. Babu murhu, babu kabad, babu wurin wanke-wanke, bututu ne kawai ke leƙowa daga bango. Ko ka saya daga ɗan hayan da zai fita, ko ka kafa naka.

Kafin ka ce kana so, ka nemi a rubuta maka duk abin da za ka biya ranar shiga, layi-layi, a nuna wanda zai dawo da wanda ba zai dawo ba.

Akwai iyaka a kan kuɗin ajiya? Kuma yaya zan yi ya dawo mini?

A ƙasashe da yawa akwai. Jamus ta tsayar da shi a hayar wata uku, ban da kuɗin ɗumama da hidima, kuma ɗan haya yana da damar biya a kashi uku. Dole mai gida ya ajiye kuɗin daban da nasa. A Faransa wata ɗaya ne ga gidan da babu kaya, wata biyu ga mai kaya, kuma a mayar cikin wata ɗaya idan an bar gidan yadda aka same shi, wata biyu idan akwai ɓarna. Ingila ta kayyade shi a mako biyar tun 2019 ga yawancin gidaje, kuma dole a yi masa rajista a ɗaya daga tsare-tsaren da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30. Mai gidan da ya ƙi, kotu za ta iya cin tararsa har ninki uku na kuɗin ajiyar. Jihar New York ta mayar da shi wata ɗaya a 2019, a dawo da shi cikin kwana 14 tare da bayanin duk abin da aka cire.

Amma doka ba za ta tuna maka yadda gidan yake ranar da ka shiga ba. Na koyi wannan da kuɗina. Na taɓa shiga wani fulat da kwanon wanke hannu na banɗaki yake da tsaga siririya kamar gashi. Na gani, na nuna wa dillali, ya ce ai kowa ya sani, kada in damu. Bayan shekara biyu dillalin ya bar aikin, mai gida ya ce bai san zancen ba, aka cire kuɗin sabon kwano daga ajiyata. Ba ni da hoto, ba ni da takarda. Tun daga ranar, kafin in shigar da ko tsintsiya, sai na zagaya da waya na ɗauki bidiyon kowane bango, tagogi, ƙofofi, famfo da lambobin mita, na tura wa mai gida a rubuce a ranar.

Ka kuma san bambancin ɓarna da tsufa. Fenti da ya dushe bayan shekara huɗu, ko kafet da ya sha takawa, tsufa ne, kuma yana cikin abin da ka riga ka biya da haya. Ƙofa da aka ɓalle ɓarna ce.

Wa ya kamata ya biya dillali?

Hankali ya ce wanda ya sa shi aiki. Ƙasashe suna ta komawa ga wannan. Jamus ta kafa ƙa'idar a 2015, Ingila ta haramta cajin 'yan haya yawancin kuɗaɗen dillalai a 2019, birnin New York kuma, inda la'ada takan kai kashi 15 na hayar shekara, ya bi sahu a Yunin 2025. A wasu wuraren har yanzu ɗan haya ne ke biya: a Dubai an saba da kashi 5 na hayar shekara, a Japan doka ta hana la'ada ta wuce hayar wata ɗaya.

Ko ina kake, ka tuna dillali ba ya cin komai sai ka sa hannu. Ba maƙiyinka ba ne, amma ba lauyanka ba ne.

Wata-wata ake biya ko shekara-shekara?

Ya danganta da wurin. A yawancin Turai da Amurka wata-wata ne. A Dubai ana faɗin kuɗin shekara, a biya da caki ɗaya, biyu ko huɗu, kuma mai biya da caki ɗaya yakan samu ragi. A Ghana dokar haya ta 1963 ta hana karɓar fiye da wata shida a gaba, amma a aikace masu gidaje a Accra sukan nemi shekara ɗaya ko biyu, abin da ke nuna cewa doka ba ta da ƙarfi inda masu nema suka fi gidaje yawa.

Koriya ta Kudu tana da tsarin da babu irinsa sosai, jeonse. Ɗan haya yana ba mai gida dunƙulen kuɗi, sau da yawa fiye da rabin darajar gidan, ya zauna shekara biyu ba ya biyan haya, a mayar masa da kuɗinsa idan zai fita. Yana da daɗin ji, amma a 2022 da 2023 dubban mutane, yawancinsu matasa, sun rasa kuɗinsu a hannun masu gidajen da suka ci bashi ko suka shirya damfara. Darasin ya shafi kowa: duk kuɗin da ka biya a gaba bashi ne ka ba mai gida. Idan rufi ya fara yoyo a wata na uku kuma ka riga ka biya na goma sha biyu, ba ka da abin da za ka riƙe.

Waɗanne kuɗaɗe ne ke biyo bayan haya kowane wata?

Wuta, ruwa, gas, intanet, kwashe shara, da kuɗin hidimar gini, wato mai gadi, lif, hasken matakala da shara. A ƙasashen sanyi ɗumama gida kaɗai babban kaso ne. Jamusawa sun raba abin gida biyu har a bakinsu: haya mai sanyi ita ce ta gidan zalla, haya mai ɗumi ita ce wadda aka haɗa da ɗumama da hidima, kuma a ƙarshen shekara ana yin lissafi, ko a yi maka ciko ko ka yi ciko. A Ingila ɗan haya ne galibi ke biyan harajin ƙaramar hukuma. A Faransa inshorar gida wajibi ce a kansa. A Dubai baƙi suna biyan kashi 5 na hayar shekara ga hukumar birni, a rarrabe cikin takardar wuta da ruwa.

Tambayi mai gida ko ɗan hayan da zai fita ya nuna maka takardun biya na wata mafi zafi da wata mafi sanyi. Idan kuma mita ɗaya ce ga gini duka, ka san yadda ake rabawa kafin ka shiga, domin nan ne rigimar maƙwabta ke farawa.

In kama gida mai araha a nesa, ko mai tsada kusa da aiki?

Ɗauki biro. Gida na kusa 100 ne, sufuri 5, jimla 105. Na nesa 75 ne, sufuri 25, jimla 100. Ka ci ribar 5. Amma idan na nesan yana ƙara maka awa ɗaya zuwa, awa ɗaya dawowa, a kwana 22 na aiki ka zubar da awa 44 a hanya kowane wata, fiye da mako guda na aiki. Wasu masu nazarin birane a Amurka suna ba da shawarar a haɗa haya da sufuri kada su wuce kashi 45 na kuɗin shiga, kuma ina ganin wannan ma'aunin ya fi na kashi 30 gaskiya.

Nesa tana da ranarta: idan kana aiki daga gida, ko iyalinka suna buƙatar fili, ko akwai jirgin ƙasa da ba ya shiga cunkoso. Sai dai ka gwada hanyar da safiyar ranar aiki, ba da yammacin ranar hutu ba.

Me zan duba idan na je ganin gida?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba lallai ya faɗa maka ba. Buɗe kowane famfo ka ga ƙarfin ruwa, musamman a hawa na sama. Ja ruwan banɗaki. Leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke da bayan kabad. Sabon fenti a bango ɗaya tak, sauran uku tsofaffi, yawanci danshi ake ɓoyewa. Sa cajarka a soket, ka duba ko waya tana kama layi a cikin ɗakuna. Rufe taga ka saurara, buɗe ka saurara. Ka duba hanyar fita idan gobara ta tashi.

Ka koma sau biyu, ɗaya da dare. Idan ka haɗu da maƙwabci a matakala, gaishe shi ka tambaye shi kwana nawa mai gida ke ɗauka kafin ya gyara abu. Amsar minti ɗaya daga bakinsa ta fi awa ɗaya da dillali.

Yaya zan gane 'yan damfara?

Labarinsu kusan ɗaya ne ko'ina. Gida mai kyau, farashi ƙasa da na unguwar ƙwarai, mai gida ya yi tafiya ƙasar waje, ka turo kuɗi za a aiko maka da makulli, kuma ka hanzarta don wasu na jira. Hotunan daga wata tallar aka kwaso su, kuma za ka iya ganowa idan ka sa hoton a manhajar bincike ta Google. Wani salon ya fi wannan wayo: mutum ya kama gida na mako ɗaya, ya zagaya da masu nema goma, ya karɓi kafin alƙalami daga kowannensu, ya ɓace.

Gani ya kori ji, amma gani kaɗai bai isa ba. Nemi shaidar cewa mai karɓar kuɗin shi ne mai gidan ko wakilinsa. Sunan da ke kan asusun banki ya zama shi ne a kan yarjejeniya. Kada ka biya ta hanyar da ba a iya bin sawunta. Kuma kada ka tura hoton fasfo ko katin shaida ga wanda ba ka tabbatar da shi ba, domin wasu ba kuɗinka suke nema ba, takardunka suke so.

Waɗanne takardu za a nema a wurina?

Katin shaida, takardun albashi na wata uku, takardar aiki, wani lokaci bayanin asusu da wasiƙar tsohon mai gida. A Jamus ana neman takardar Schufa mai nuna tarihin bashinka. A Ingila dole mai gida ya tabbatar kana da izinin zama a ƙasar. Ɗalibi da sabon baƙo sukan buƙaci mai tsaya musu, kuma a Faransa akwai tsarin Visale da ke tsaya wa matasa kyauta. Idan kai aka roƙa ka tsaya wa wani, ka sani bashinsa naka ne idan ya gaza.

Me zan karanta da kyau a yarjejeniya?

Tsawon wa'adi da yadda ake sabuntawa. Yaushe za a iya ƙara kuɗi, kuma da wane ma'auni. Wa'adin sanarwar fita daga ɓangarorin biyu. Abin da zai faru idan ka tashi kafin lokaci. Wa ke gyara me. Ko an yarda ka saka wani a ɗaki, ka huda bango, ko ka ajiye dabba. Da sanarwar da mai gida zai bayar kafin ya shigo. Duk alƙawarin baki, irin su za mu gyara taga kafin ka tare, a sa shi a takarda da kwanan wata. A wasu biranen yarjejeniya sai da rajista: a Dubai ba za a jona maka wuta da ruwa ba sai ka yi rajistar Ejari, wato tsarin hukuma na yi wa yarjejeniyar haya rajista.

Mai gida zai iya ƙara kuɗi yadda ya ga dama?

A tsakiyar wa'adi, a'a, sai in yarjejeniya ta faɗa. Bayan wa'adi kuwa ya danganta da doka. A Jamus ƙari ba ya wuce kashi 20 cikin shekara uku, 15 a biranen da gidaje suka yi ƙaranci, kuma tun 2015 sabuwar haya a irin waɗannan wurare ba ta wuce kashi 10 sama da farashin unguwa, ban da sababbin gine-gine. Paris ta dawo da kayyade haya a 2019. A Dubai akwai ma'aunin hukuma, ƙarin ba ya wuce kashi 20, kuma sai da sanarwar kwana 90.

Kayyade haya abu ne da ake gardama a kai, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Berlin ta daskarar da haya a 2020, kotun tsarin mulki ta soke dokar a Afrilun 2021 bisa dalilin cewa hurumin tarayya ne, 'yan haya da dama suka biya cikon abin da aka rage musu. Wani binciken masana a Jami'ar Stanford kan San Francisco ya nuna tsarin ya taimaki waɗanda ke ciki su ci gaba da zama, amma masu gine-ginen da abin ya shafa sun rage gidajen da suke bayarwa haya da kashi 15. A Stockholm haya tana da sauƙi ga wanda ya samu, sai dai layin jiran unguwannin tsakiya ya wuce shekara goma. Wanda ke ciki yana jin daɗi, wanda ke waje yana jira, kai kuma mai neman gida yau kana waje.

Ana cinikin kuɗin haya?

Ana yi, idan gidan ya daɗe a talla. Wata ɗaya babu kowa a gida asarar fiye da kashi 8 na kuɗin shekara ce ga mai shi, don haka ragin kashi 5 ga mutumin da zai shiga gobe ba faɗuwa ba ne. Idan ya ƙi rage kuɗi, nemi fenti, ko wurin ajiye mota, ko wa'adin shekara biyu ba ƙari. Ka guji lokacin da ɗalibai ke dawowa makaranta. Inda mutum talatin suka yi layi don ganin gida ɗaya kuwa, ciniki ɓata lokaci ne, takardunka a shirye su ne makaminka.

Zama da abokin haya yana rage kuɗi?

Sosai, domin kicin ɗaya, falo ɗaya da intanet ɗaya ake rabawa. Tarkon yana cikin yarjejeniya: idan ku uku kuka sa hannu a takarda ɗaya, a yawancin wurare mai gida zai iya neman kuɗin duka daga mutum ɗaya. Ku rubuta tsakaninku wa ke biyan me, da abin da za a yi idan ɗaya ya tashi. Abota ta fi mutuwa a kan takardar wuta fiye da a kan manyan abubuwa.

Za a iya fitar da ni haka kawai?

A yawancin ƙasashe sai da sanarwa a rubuce, kuma idan ka ƙi fita sai da umarnin kotu. Sauya kwaɗo, yanke ruwa ko fitar da kayanka waje laifi ne a wurare da dama. Faransa ta hana fitar da 'yan haya daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris saboda sanyi. A Dubai mai gidan da ke son sayarwa ko komawa gidansa sai ya ba da sanarwar wata 12. Kada dai ka daina biya don ka ji haushin gyaran da ba a yi ba, sai ka tabbatar doka ta ba ka dama, domin rashin biya shi ne hujjar da kotu ta fi saurin karɓa.

Me zan yi idan zan tashi?

Ba da sanarwa a rubuce, a kan lokaci: wata uku a Jamus, wata uku a Faransa amma wata ɗaya a manyan biranen da ake ƙarancin gida ko a gida mai kaya. Kada ka mayar da kuɗin ajiya hayar watan ƙarshe sai an yarda a rubuce. Share gidan, toshe ramukan ƙusa, ka zagaya da mai gida ɗaki-ɗaki da bidiyon ranar shigarka a hannu. Ɗauki hoton mita, ka rufe asusun wuta da ruwa da ke sunanka. Makulli kuma ka ƙirga su a gabansa, ya sa hannu cewa ya karɓa, da kwanan wata, ka ba shi lambar asusun da zai mayar da ajiyarka.